Sanarwa kan zafin tandar na'urar GC

Assalamu alaikum ƴan uwa, malamai da ɗalibai masu aiki a ɗakin gwajinmu.

Makon nan sau biyu aka kawo min sakamako wanda lokacin fitowar sinadarai daga na'urar GC, wato mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, ya goce daga na jiya, alhali samfurin ɗaya ne. Da na duba, an jingina na'urar da bango, kuma an ajiye kwali a bayanta. Iskar zafin da tanda ke fitarwa ta rasa hanya, sai sanyaya ta gagara, aka fara sabon gwaji kafin ta sauko zuwa digiri 40.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne, bututun da ke cikin tandar, wanda samfuri ke bi ta cikinsa, mai tsawon mita 30, faɗin cikinsa milimita 0.25, zafi ne ke tafiyar da aikinsa. Ƙarin kusan digiri 30 yakan rage lokacin zaman sinadari a cikinsa da rabi. Ko digiri ɗaya ma ana ganin tasirinsa.

Wasu sun tambaye ni kan ƙananan na'urori irin Intuvo 9000 da kamfanin Agilent ya fitar a 2016. Ita ba ta da babbar tandar iska, bututun take ɗumamawa kai tsaye, shi ya sa take saurin zafi da saurin hucewa, ga ƙarancin cin wuta. A ganina ta dace da mu, amma kafin Allah ya hore, tamu za mu riƙa.

Don Allah a bar sarari a bayanta. Kada kowa ya kunna tanda sai ya tabbatar iskar hiliyam na gudana a cikin bututu, domin iskar oksijin da zafi suna lalata rufin cikin bututu. In wuta ta ɗauke, a kira ni.