Wasiƙa daga Jidda: In kai ƙarar kamfaninmu na fassara, ko in ci gaba da haƙuri?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Malam mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da matsalolin jama'a. Ni mutumin Katsina ne mazaunin Jidda. Na yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, na koma gida na ɗan koyar, sannan kawuna, ƙanen mahaifiyata wanda ya daɗe a ƙasar nan, ya samar mini bizar aiki a wani kamfanin fassara da ba zan ambaci sunansa ba. Na haura shekara huɗu a wurin amma ban cika biyar ba, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Kamfanin yana karɓar aiki daga kamfanonin Hajji da Umara, da asibitoci masu zaman kansu, da ofisoshin lauyoyi. Akwai masu fassarar Urdu da Turkanci da Faransanci da sauransu, mu kuma a sashen Hausa mu uku ne: ni, da wani ɗan'uwa daga Maraɗi, da wani matashi haifaffen Makka wanda kakanninsa suka zo ta Sudan tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙasa, shi kuma ɗan ƙasa ne a takarda.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ce aiki awa 8 ne a rana, 48 a mako, a watan Ramadan kuma awa 6 ga Musulmi, kuma sashe na 107 ya wajabta biyan kowace awa ta ƙari da kuɗinta tare da ƙarin rabin asalin kuɗin awar. Mu kuwa daga shigowar Sha'aban har alhazai su watse, ba mu san lokacin tashi ba. Sai mutum ya dawo gida bayan Isha'i, ya zauna zai ci tuwo da yaransa, saƙon manaja ya shigo ta WhatsApp da takarda mai shafi da yawa, a ce ana son ta kafin a buɗe ofis da safe. Ba a taɓa rubuta waɗannan awoyi a ko'ina ba, balle a biya su. Idan aka yi magana sai ya ce hidimar baƙin Allah ce, lada tana wurin Ubangiji. Ni ban musa ladar ba, amma na san kamfanin yana karɓar kuɗin gaggawa daga waɗanda suke kawo mana aikin, kuma bai taɓa cewa su bari sai a lahira ba.

Albashi ma yakan yi jinkiri. Sai a riƙe na wata biyu, ana dab da shiga na uku a saki na wata ɗaya. Mun lura ba a taɓa barinsa ya cika wata uku ba, kuma mun san dalili: tun gyaran da aka fara aiki da shi a Maris 2021, ma'aikacin da aka hana albashin wata uku a jere yana iya canja kafala, wato ya koma wani wurin aiki, ba tare da yardar kafilinsa, wanda ya ɗauke shi aiki, ba.

Amma Malam, abin da ya fi hana ni barci shi ne yadda aikin kansa ya koma. Yanzu duk takardar da ta shigo sai an fara zuba ta cikin manhajar fassara ta kwamfuta, sannan a miƙo mana a ce mu duba kawai, kuma saboda an ce dubawa ce, an ninka adadin shafukan da ake son kowa ya gama a rana. Wataƙila wannan yana yiwuwa a Faransanci ko Turkanci, amma Hausar da na'ura take fitarwa daga Larabci sau da yawa sai an rushe ta an sake gini. Kwanakin baya an kawo mana takardar da wani asibiti yake bai wa masu ciwon sukari idan an sallame su. Na ajiye ta gefe da ta Larabcin ina bi layi-layi, sai na tarar bayanin lokacin yin allurar insulin da lokacin cin abinci ya cakuɗe, har wanda ya bi shi yana iya yin allura ya zauna da yunwa. Na gyara wannan, amma lokacin da aka ba ni bai isa in bi sauran shafukan da irin wannan natsuwa ba, kuma manaja yana tsaye a kaina yana cewa direban asibitin yana jira a ƙasa. Haka aka buga hatimin kamfani aka fitar da ita. Wanda zai karanta irin wannan takarda wata tsohuwa ce daga Daura ko Damagaram, ko jikanta da ya rako ta, waɗanda ba su jin Larabci kuma sun amince cewa abin da aka rubuta musu da harshensu gaskiya ne. Na faɗa wa manaja a rubuce cewa takardun asibiti da na kotu ba a yi musu gaggawa, amsar da na samu ita ce in ba zan iya ba akwai masu jiran gurbina.

Za ka ce me ya hana ni zuwa ofishin ƙwadago. Na san hanyar: ana shigar da koke ta intanet, a fara da zaman sulhu na kwanakin aiki 21, idan ba a daidaita ba a tura maganar kotun ƙwadago. Abin da ya ɗaure ni shi ne, tun Mayu 2022 gwamnati ta keɓe aikin fassara ga 'yan ƙasa, tare da aikin sakatare da ajiyar kaya da shigar da bayanai, ta kuma sa riyal 5,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin mai fassara. Sai kamfani ya ɗauki wannan matashi ɗan Makka a matsayin mai fassara, mu kuma aka sauya mana sana'ar da ke kan igama, wato takardar izinin zama, zuwa wata daban, alhali aikin da muke yi bai canja ba. Ba ni da wani ƙulli da yaron, yana da ladabi kuma yana koyo da sauri, haƙƙinsa ne kuma a ƙasarsa. Sai dai doka ta hana a sa baƙo aikin da ba shi ne a takardar izininsa ba, don haka duk ranar da na tsaya gaban hukuma na ce ga shafukan da na fassara cikin dare, ina tsoron na tona wa kaina asiri tare da kamfanin, har da ɗan'uwana na Maraɗi wanda bai ce in yi magana da yawunsa ba. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Ajiye aikin ma ba sauƙi ba ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyu da biyar, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallama kawai yake samu, sai ya haura biyar ya samu biyu cikin uku. Ina da mata da 'ya'ya uku a nan, kuma harajin zaman iyali riyal 400 ne a kan kowane mutum duk wata, wato riyal 1,600 kafin a zo maganar haya da abinci da abin da nake aika wa mahaifiyata. Maiɗakina ta ce in mayar da su Katsina in samu sauƙin motsi, ni kuma raba yara da ubansu a wannan shekarun yana yi mini nauyi.

Sannan ga Kawu. Shi ya tsaya mini wurin mai kamfanin, tsakaninsu akwai mutunci na shekaru masu yawa. Da na kai masa kuka sai ya ce: "Ɗana, mu da muka riga ku zuwa mun ga abin da ya fi wannan. Ka riƙe igamarka, ka rufa wa kanka asiri, kada ka sa a ce ɗan 'yar'uwata ne ya kai mutumin da ya taimake shi ƙara." Na yi shiru domin ba a musu da babba, kuma na san tsoronsa na gaskiya ne. Amma na fito daga gidansa da nauyin da na shiga da shi, domin bai ce komai ba game da takardun marasa lafiya.

Malam, ga abin da nake so ka haska mini. Idan na san lokacin da aka ba ni bai isa in tabbatar da ingancin takardar da rai ya rataya a kanta ba, na kuma faɗa an ƙi ji, shin alhakin ya sauka daga wuyana, ko wajibi ne in ƙi taɓa irin wannan aiki ko da zai jawo a sallame ni? Neman haƙƙina a gaban hukuma bayan Kawu ya hana, yana cikin butulci da yanke zumunci, ko akwai hanyar da zan bi in fahimtar da shi, misali in roƙe shi ya shiga tsakani ya yi wa mai kamfanin magana kafin in ɗauki wani mataki? Kuma ya halatta in shigar da koken da zai iya shafar abokin aikina ba tare da yardarsa ba?

Ni dai abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne in daina karɓar takardun asibiti da na kotu sai an ba ni isasshen lokaci, in ci gaba da adana saƙonnin manaja da takardun banki masu nuna ranakun shigar albashi, in kuma nemi wani kafilin a natse idan kwantiragina ya ƙare. Sai dai ban sani ba ko wannan hikima ce ko tsoro ne kawai, shi ya sa nake neman ra'ayin wanda yake kallon abin daga waje. Idan akwai lauya ko masanin dokar ƙwadago ta Saudiyya cikin masu sauraro, ina roƙon ka ba shi dama ya yi bayani kan matsayin ma'aikacin da aka sauya wa sana'a a igama ba da zaɓinsa ba, domin mu da muke cikin wannan hali muna da yawa.

Allah ya ƙara girma da lafiya. Wassalam.

Naka mai sauraro,
daga Jidda.