Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna: A Dubi Yaran Da Ke Zama A Aji Lokacin Tara

Mai Girma Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni malamar firamare ce a Zariya, kuma kukana a kan lokacin tara ne, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba idan ana gyaran makarantu.

Da an kaɗa ƙararrawa sai aji ya watse, kowa ya nufi wajen masu awara da ɗanwake a bakin ƙofa. Amma akwai waɗanda ba sa fita. Ina da ɗaliba da shan inna ya taɓa wa ƙafafu. Da safe yayanta ke ɗauko ta daga keken guragu ya haye matakalar baranda da ita, to nan za ta zauna har a tashi. Kuɗin tararta sai dai ta ba ƙawa ta sayo mata, ta ci ita kaɗai tana jiyo ihun 'yan gaɗa ta taga. Ruwa ma ba ta yarda ta sha, domin shiga masai a wurinta rarrafe ne da tafin hannu, hannun da za ta ci abinci da shi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ko an sauko da ita, filin yashi ne da rani, taɓo da damina, keke ba ya tafiya. Yaro kurma kuwa ƙafarsa lafiya lau, amma a gefe yake rakuɓewa, don ba wanda ya koya wa 'yan ajinsu ko gaisuwa da hannu.

A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

Roƙona, Ranka ya daɗe, ka umarci hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kada ta karɓi aikin gyaran makaranta daga ɗan kwangila sai ya yi gangarar siminti daga baranda, da daɓe har zuwa rumfa mai benci inda kowa zai ci abinci tare, da famfon da mai zaune zai iya kaiwa, da masai ɗaya na zama mai faffaɗar ƙofa. Masu duba makarantu kuma su riƙa zuwa daidai lokacin tara, su leƙa azuzuwa su ƙirga yaran da suka rage a ciki.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Zariya