A ba masu jinyar ƙwaƙwalwa abin yi da hannunsu

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ce, shekara 20 ina kan keke, ban taɓa rubuto wa jarida ba sai yau, kuma ƙanwata ce dalili. Tun tana budurwa zuciyarta kamar wutar kara take. Yanzu tana dariya, kafin ka juya ta fasa kwano don ƙawarta ba ta ɗauki waya ba. Yau babu wanda take so kamarka, gobe kai ne babban maƙiyinta. Da ta ga alamar za a guje ta, sai ta ji wa kanta ciwo. Aurenta biyu suka mutu. Aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya. Aka ce sangarta ce, aka yi faɗa har da duka, Allah Ya yafe mana. Sai bara likita ya ce ciwo ne na rashin daidaiton ɗabi'a, wanda suke taƙaitawa da BPD.

Mako uku ta yi a wani asibiti. Ana ba da magani kan lokaci, ma'aikatan kuma sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma tsakanin ƙwayar safe da ta dare babu abin yi sai kwanciya da saƙar zuci, mai irin wannan ciwo kuwa saƙar zucin ce ke cinye ta.

Bayan sallama muka dace da wata masaniyar halayyar ɗan'adam da ke koyar da wata hanyar jinya mai suna DBT. Wata Ba'amurkiya, Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton, ita ta tsara ta, sakamakon gwajin farko ya fito a 1991. Abin da ya taɓa ni shi ne a 2011 matar ta fito fili ta ce ita ma an kwantar da ita tana da shekara 17, ta fi shekara biyu a asibiti tana cutar da kanta. Abu huɗu ake koyarwa: tattara hankali kan abin da ke gabanka, jure baƙin ciki ba tare da ka yi ɓarna ba, sarrafa zuciya, da iya zama da mutane. Tushen duka kuwa riƙe abu biyu ne tare: ka karɓi halin da kake ciki, kuma ka yi aikin gyara shi.

Ƙanwata tana haddace darasin tsaf a ofis, amma da zuciya ta taso sai ya bi iska. Shi ne malamar ta ce in riƙa zuwa da ita shago. A nan abin ya zauna. Ran nan ta ɗinka hannun riga a karkace, na ga fuskarta ta canza, irin canjin da a da almakashi ke bin bango. Ta miƙe, ta tsoma fuska cikin roba ta ruwan sanyi kamar yadda aka koya mata, ta sauke numfashi a hankali, ta dawo ta ce, "Yaya, ya riga ya karkace, ba ni reza in farke." Hannuna na rawa na miƙa mata, don na san abin da reza take nufi a gidanmu. Ta farke ɗinkin, ta sake shi. Na shige bayan labule na yi kuka.

Haka ta koyi ce wa mai neman ɗinkin bashi a'a ba tare da zagi ko kuka ba. Da yamma tana tsallen igiya da yarana har gumi ya karyo, wannan ma yana cikin darasin. Kada wani ya ɗauka ɗinki ne maganin. Tana ganin malamarta duk mako, kuma har yanzu akwai ranakun da ba ta fitowa daga ɗaki.

Roƙona ga masu kula da asibitocin ƙwaƙwalwa: a haɗa darasin nan da aikin hannu da wasa tun mutum na kwance. Lambu, saƙa, kitso, dara, ƙwallo, amma da ma'aikacin da ya san dabarun, wanda zai tsaya kusa a daidai lokacin da aka ci mutum wasa ransa ya ɓaci. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya zaunar da majinyatan asibitin Aro da ke Abeokuta cikin ƙauyuka tare da danginsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci, ni kuwa a ganina barinsa zaune hannu rabbana wata da watanni ba mutuntawa ba ne.

Ina da keke ɗaya da ba na amfani da shi. Duk asibitin da ya buɗe irin wannan ɗaki, zan kai shi, in kuma riƙa zuwa ranar Asabar ina koyar da yanka.

Daga wata tela, Zariya.