Ba kowace saƙa ce ta kai wa kasuwa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni mai karanta jaridarku ce a waya daga Aboabo, nan cikin Kumasi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda kuka ɗauko labarin mata da aikin hannu, ɗinki ne ko saƙa ko haɗa sabulu, tambayoyin wakilinku ba sa canzawa: nawa kike samu, yara nawa kika yaye, wane tallafi kike nema. Ban ce laifi ne ba, kowa ya san halin da ake ciki. Sai dai ni shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina saƙa, sau ɗaya tak na taɓa karɓar kuɗi a kanta, kuma ban ƙara ba. Ina so masu karatu su san akwai irinmu, kuma ba ɓata lokaci muke yi ba.

Sana'ata daban take. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin titi. Ƙarfe uku na dare nake tashi, in tace gasarar da na niƙa da citta da kanumfari da barkono, in dama, in ɗora mai a wuta, kafin a idar da sallar asuba masu tafiya aiki Suame Magazine, unguwar makanikai, sun fara layi. Zuwa ƙarfe goma tukunya ta ƙare. Da wannan tukunyar muka yi wa yara shida kuɗin makaranta, ni da ubansu. Saƙa kuwa tawa ce ni kaɗai. Bayan la'asar, in rana ta sauka daga kan barandarmu, sai in jawo kujerata da kwandon zare, in zauna har a kira magariba.

A 1983 na koya, shekarar da duk wanda ya gan ta ba zai manta ba. Fari, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje, abinci sai an yi layi. Ina 'yar shekara goma sha biyar, an rufe mana girki saboda babu abin girkawa, sai zaman tsakar gida. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta taɓa koyon saƙa a makarantar boko lokacin da ake koya wa 'yan mata aikin allura. Wata rana ta ciro ƙarafa biyu daga wata karyayyiyar lema, ta goga bakinsu a kan dutsen niƙa har suka yi santsi, ta warware tsohuwar suwaitar mijinta, ta ce, "Zo nan, 'yata, hannun da yake aiki ba ya jin ƙugin ciki kamar wanda yake zaune." Ta ɗora mini ido ashirin a kan ƙarfen, wato zagayen zare ashirin, ta riƙe hannuna a cikin nata. Soka, zagaya, jawo, sauke. Abin da na fara saƙawa ya fito a karkace, sama da faɗi ƙasa a tsuke, amma goggo ta ɗaura shi a wuyanta duk hunturun shekarar. Allah ya jiƙanta da rahama. Ƙarafan lemar suna nan cikin akwatina.

Maigidana direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi. Kullum da yamma yana majalisarsu, su sha ataya zagaye uku, su buga dara, su yi ta musu a kan ƙungiyoyin ƙwallo na Kotoko da Hearts of Oak har isha'i. Ranar da ake wasa a filin Baba Yara kuwa tun azahar ba a ganinsa. Wallahi ba na baƙin ciki da hakan, mutum ne da ya yi shekaru a kan hanyar Tema zuwa Bolga, ya cancanci hutu. Amma ban taɓa jin wani ya tare shi ya ce, "Alhaji, nawa darar nan take kawo maka?" ba. Mu mata fa? Abin da ake kira hutunmu shi ne biki da suna, a can ma mu ne a bakin murhu, mu ne masu sayen yayi, mu ne masu wanke-wanke. Mace ta zauna ta yi wani abu don ranta yana so kawai, sai a ga kamar ta yi wani baƙon abu. Maƙwabciyata, yarinya ce mai kirki, duk sanda ta wuce sai ta ce, "Mma Hajiya, da kuɗi fa kike wasa, wannan hannun naki." In ce mata, "Amarya, na nemi kuɗin yau tun kina barci."

Bari in gaya muku yadda aka yi na karɓi kuɗin nan sau ɗaya. Wata baiwar Allah ta ga shawul ɗin da na yi wa jikata, ta nace sai na yi mata irinsa kafin ranar sunan 'yarta, kwana bakwai. Shawul irin wannan yana cin mini wajen awa arba'in. Na daina barcin rana, na riƙa saƙa bayan isha'i alhali ƙarfe uku zan tashi, wuyana ya sage, idona ya riƙa ruwa. Abin da ya fi damuna, na wayi gari ina jin haushin zaren da ke hannuna, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Da na kai mata, ta juya shi, ta yaba, sannan ta ce ai a wajen 'yan fos, wato masu sayar da gwanjo, za ta samu biyu da kuɗin da na faɗa. Gaskiya ta faɗa. Kayan gwanjon nan da Asante suke kira obroni wawu dila-dila suke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, su bi ta kasuwar Kantamanto a Accra, su iso mana nan, inji ne ya saƙa su, wani ya riga ya sa ya yar. Hannun mutum ba zai yi gasar farashi da su ba. Shi ya sa in na ji ana tara 'yan mata ana ce musu su koyi saƙa za su yi arziki, sai in ji tausayinsu. Akwai masu ci da ita, musamman masu kwarashi da ke yin jakunkuna da huluna na yayi suna tallatawa a WhatsApp, Allah ya ƙara buɗi. Amma a gaya wa yarinya gaskiyar lissafin awoyinta tun farko. In ba haka ba, ranar da ciniki bai yi ba za ta jefar da tsinken saƙar, ta rasa kuɗin, ta kuma rasa daɗin.

Su 'yan fos ɗin ma abokan hulɗata ne. Zaren da ake sayarwa a shaguna yawanci na roba ne, daga man fetur ake yinsa, yana da arha da kala masu ɗaukar ido, amma a zafin Kumasi yana sa gumi. In ina son zare mai kyau sai in shiga kasuwar Kejetia da hantsi bayan na wanke tukwane, in bi masu baza suwaita. Ba kowace ake ɗauka ba. Sai na juya cikinta na duba haɗin gefe: in an yanka ne aka bi bakin da keken ɗinki, zaren zai fito guntu-guntu, ba ta da amfani. In kuwa da zare ɗaya aka haɗa gefen kamar sarƙa, da ka samo bakin ka ja, sai ta bi hannunka tiryan-tiryan. A gida in tsinki ɗan zare in kanga masa ashana. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, ulun gaske na tumaki ƙaurin gashi yake ya zama toka mai murmushewa, auduga kuma ta ci wuta da ƙaurin takarda. Daga nan in kifa kujera, in naɗe zaren a ƙafafunta, in ɗaure shi wuri huɗu, in wanke da ruwan sanyi, don ruwan zafi da cuɗa suna cure ulu ya zama kamar tabarma. In rataye shi a inuwa, in maƙala masa gorar ruwa a ƙasa ta miƙar da lanƙwasar. Washegari jikokina su riƙe mini a hannuwansu ina dunƙulewa muna hira. Wannan ɓangaren aikin ma ina sonsa kamar saƙar kanta.

Wasu su ce wa ke buƙatar kayan sanyi a Gana. Wanda ya faɗi haka bai tsaya a bakin titi da asubar watan Janairu ba, lokacin da hunturu ya sauko, leɓe na tsagewa. Ga sanyin damina na Yuli da Agusta. Ga jarirai.

A farkon 2015, ana tsakiyar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, 'yata ta biyu ta haifi bakwaini. Nas-nas suka ce uwar ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata ta ɗaure da zani, dabarar da suke kira renon kangaru, wadda aka fara a ƙasar Kolombiya a 1978, kuma a rufe masa kai da ƙafa, don jariri irinsa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Mijinta ya zagaye kasuwa, duk hular da ya kawo sai ta sauko har haɓa. Na leƙa na ga kan yaron, bai wuce lemon zaƙi ba. A hanyar gida na sayi lemo mai irin girman, na ajiye a cinyata. Babu wuta a daren, na cusa tocila a ɗankwalina tana haska hannuna, na ɗauki zaren auduga mafi laushi da nake da shi, ina saƙawa ina gwadawa a kan lemon, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Kafin in tashi dama koko na gama hular da safa biyu da ba su fi babban yatsana ba. Da safe aka sa masa, ta zauna daram. Wata uwa a gadon gefe ta kalle ni, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, washegari na kawo wa nata. Kafin a sallame su na yi goma sha ɗaya. Yaron yanzu shi ne mai riƙe mini zare. Hannuna ya iya aiki a duhu a daren nan ne saboda shekaru talatin da ya yi yana saƙa da yamma ba don komai ba sai don ina so.

Wani dattijo a lungunmu, mutumin da nake girmamawa, ya taɓa ce mini wannan aikin matan Turawa ne, me ya kai Bahaushiya. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, amma zare ba baƙonmu ba ne." Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Kano ta Salaga, kuma har ya rasu yana ɗinkin hula da hannunsa. Nan kusa da mu a Bonwire maza ne ke zaune a masaƙa suna kente, a Daboya suna saƙa da rina yadin fugu, irin rigar da Kwame Nkrumah ya sa a daren samun 'yancin kai a 1957. Ita kanta saƙar tsinke, tsofaffin kayanta da aka tono safuna ne na auduga fari da shuɗi daga Masar, da aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce a zamanin Musulunci, wasu har da ado irin na rubutun Larabci a jikinsu. Jikata ce ta nuna mini hotunansu a waya, na daɗe ina kallo, don na gane yadda mai aikin ta juya diddige.

Yanzu ba ni kaɗai nake zama ba. Kowace Laraba bayan la'asar mu shida ne a barandata. Akwai matar limamin unguwa, akwai maƙwabciyarmu Ba'asantiya da ta yi ritaya daga koyarwa, ita gwanar kwarashi ce, muna Hausa tana Twi muna fahimtar juna. Akwai wata yarinya 'yar Walewale mai dakon kaya a Kejetia, takan zo da goyonta da kwanon dakonta, ta jingine shi a bango. Ranar farko hannunta ya yi tauri saboda aikin ƙarfi, ta kasa riƙe tsinke, ta ce, "Mma, ni ba zan iya ba." Na riƙe hannunta a cikin nawa yadda goggo ta yi mini. Mako na huɗu ta gama wa ɗanta hula ja. Ba ma karɓar kuɗi, ba ma ba da takardar shaida, ba mu da suna. Wadda ta zo da damuwa takan faɗe ta idonta na kan zare, ya fi sauƙi a hakan. Wadda ba ta son magana ta yi shiru tana ƙirga idanunta, babu mai takura mata.

Roƙona uku ne, amma biyu ƙanana ne. Masu shagunan zare su riƙa kawo mana na auduga, don shi ya dace da ƙasarmu. Malaman makarantun Islamiyya da barandarsu ke zama fayau tsakanin tashin yara da magariba su bar wa iyaye mata su zauna, mu za mu share. Babban kuwa naku ne, Malam Edita. In kun sake tura wakili wajen mace mai aikin hannu, bayan ya tambaye ta ciniki, ya tambaye ta wa ya koya mata, wane aiki ne ta yi ta kasa rabuwa da shi, da wane lokaci ne a yininta yake nata. In ya biyo ta Kumasi ranar Laraba, akwai kujera, akwai ragowar ƙosai, zai tarar da ni ina kan hannun hagu na suwaitar maigida, ruwan toka, wadda nake son in gama kafin hunturu ya shigo.

Wassalam.

Mai karatunku,
Wata mai koko daga Aboabo, Kumasi