Rahoton Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Ƙwari

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na tsakiyar damina.

Abin alfaharinmu bana shi ne fitar da muka yi zuwa kurmin bakin rafi ta wajen Serti, kusa da gandun dajin Gashaka-Gumti. Kwarkwasa da gwano muka je nema, sai wata ɗaliba cikinmu ta ɓamɓare ɓawon wata ɗanyar bishiya. Ƙarƙashinsa 'yan hanyoyi ne sirara, cike da wasu 'yan tururuwa jajaye-jajaye da ba su wuce milimita uku ba. Muka ɗora ɗaya a tafin hannu, sai tangaɗi take tana faɗuwa, ta kasa tafiya. Da aka sa gilashin ƙara girma aka ga dalili: ƙafafunta na tsakiya sama suke kallo, da su take dafa rufin ramin. Wannan ita ce alamar jinsin Melissotarsus, wanda masanin ƙwari Emery ya sa wa suna a 1877. A Afirka da Madagaska ake samunsa, amma da wuya a gan shi, domin ma'aikatansu, wato tururuwan da ke yi wa gida hidima, ba sa fitowa kiwo waje. A cikin ɓawon suke rayuwa, suna kiwon wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan itace, in rami ya ɓule su toshe shi da zaren da suke fitarwa daga kawunansu haɗe da garin itace. Mun daɗe a gindin bishiyar nan, har abincin rana muka manta.

To, me ya sa har yau ba a tantance ko wane nau'i ne muka samu cikin nau'o'in wannan jinsi ba? Masu tambaya a WhatsApp su ji: sai da madubin ɗakin gwaji ake rarrabe su, kwalaben samfur kuwa suna nan cikin sifirit a ɗakina, babu kuɗin aika su jami'a. Ko rabin mambobi ba su biya kuɗin wata ba. Ma'aji ya bi mutane har ya gaji, ni ma katin wayata ya ƙare a kira. Ɗan littafin hotunan tururuwar yankinmu ma abin da ya tsayar da shi ke nan, ba sakacin kwamiti ba ne.

Akwai waɗanda ba ma ganinsu sai ranar ɗaukar hoto. Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taron gaba, domin da kuɗin da aka fara tarawa za a aika samfurin.

Sakataren ƙungiya