Karin maganar wannan mako: "monkey business"

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Jiya wani ɗan rukuni ya tambaya ko "monkey business" sana'ar masu wasa da biri a kasuwa ce. Na sha dariya, amma ba haka ba ne. Bature na faɗin haka in ya ga shiririta ko wasan banza. Misali, malama za ta fita aji, sai ta juyo ta kalli yaran da ke jifan juna da alli ta ce, "No monkey business!" Wato kada ta dawo ta tarar da ɓarna.

Tana da ma'ana ta biyu da ta fi nauyi: ƙumbiya-ƙumbiya. In lissafin kuɗin ƙungiya ya ƙi fita, aka ce akwai "monkey business" a ciki, to zargin cuwa-cuwa ake yi, ba wasa ba.

Ba a sa mata "a" a gaba, ba ta da jam'i. Kuma don Allah a kula, aikin ake siffantawa, ba mutum ba. Kiran baƙar fata "monkey" a Ingila ko Amurka zagi ne na wariyar launin fata.

Kowa ya turo jimla ɗaya kafin Juma'a, zan duba.