Amsa ga Hamma, kan tambayar da ka yi min a gaban jama'a

Assalamu alaikum Hamma, ina gaisuwa, ya Adda da yara.

Ranar Lahadin nan da ɗan majalisa ya zo unguwa jin koke, bayan na tashi na roƙi a ware wani abu cikin kuɗin lafiya saboda tsofaffi masu ciwon mantuwa, kai ne ka karɓi lasifika kace: yara na mutuwa da maleriya, mata na mutuwa wajen haihuwa, toh akan me za a zuba kuɗi a ciwon da ba shi da magani, abin da tsufa ne kawai? Mutane suka tafa maka. Ni kuwa na koma na zauna ban ce uffan ba, ba wai don ba ni da amsa ba, kai babba ne kuma muryata rawa take lokacin, na san in na buɗe baki kuka zan yi. Tunda a bainar jama'a ka tambaya bari in amsa inda kowa zai gani, ka yi haƙuri da ƙanwarka.

Inda ka yi gaskiya ba zan musa ba, ciwon nan har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Ƙwayoyin da ake rubuta wa Dada, tsohuwarmu da nake jinya, wato donepezil da memantin, ɗan lafa abin kawai suke yi na wani lokaci. Akwai sabuwar allura da Amurka ta amince da ita a 2023 mai suna lecanemab, dala 26,500 aka sa kuɗinta a shekara lokacin da ta fito, ana sa ta ta jijiya duk sati biyu kuma sai ana ɗaukan hoton ƙwaƙwalwa akai-akai don tana iya kawo kumburi, duk da haka jinkirta ciwon kaɗan take yi. Ko a Ingila hukumar da ke tantance magunguna ta ƙi yarda a saya wa asibitocin gwamnati, tace amfanin bai kai kuɗin ba. Toh ni wace ce zan ce Gombe ta saya? Ban roƙi wannan ba wallahi, ba zan roƙa ba.

Amma maganar "tsufa ne kawai" ita ce ta tsaya min a rai. Hamma ka san Dada. Matar da take riƙe adashen mata sama da ashirin a ka, ba littafi ba biro, ta san wadda ta zuba da wadda ta ɗaga ƙafa. Abin ya fara ne da gishiri, sai ta sa sau biyu a miya, muka yi ta mata tsiya. Daga nan sallah, ta idar da azahar ta sake tayarwa. Sai ɓoye kuɗi a cikin tukunya tana rantsuwa jikarta ce ta sace, yarinyar nan ta sha duka a banza, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai ranar da ta fita da hantsi ba mu same ta ba sai bayan isha wajen Tashar Dukku, ba takalmi, yara na binta suna mayya mayya, ita kuma wai rugar babanta za ta, rugar da aka tashi tun kafin a haife ni. Goggonmu ta Kumo kuwa ta girmi Dada nesa ba kusa ba, amma har gobe tana lissafo maka jikoki da sunan rana. In tsufa ne me ya sa bai taɓa ta ba? Matar da likitan Jamus ɗin nan Alois Alzheimer ya yi bayanin ciwonta a 1906, wadda daga kanta aka sa wa cutar sunansa, shekararta 51 lokacin da aka kai ta asibiti. Mu muna ce masa gigin tsufa mu wuce, alhali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali, ciwo ne kaman suga kaman hawan jini.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin tambayarka. Kana magana kaman in gwamnati ba ta ware komai ba shikenan ba a kashe komai ba. Ana kashewa Hamma, a ɗakunanmu ake kashewa, ba wanda ke rubutawa ne kawai. Shekara biyu muka yi muna yawo kafin a faɗa mana sunan abin da ke damunta. Mun yi ruƙya, mun sha sayen hayaƙi, wani yace sammu ne daga dangin kishiya har aka daina gaisawa da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wani asibiti sau uku muna zuwa sau uku ana mata ƙarin ruwa da allurar maleriya a sallame mu. Sai da Allah ya haɗa mu da wani likita da ya zauna ya tambaye ta yau wace rana ce, ya faɗa mata abu uku yace ta riƙe, bayan minti biyar ko ɗaya ba ta tuna ba, sannan ya juyo ya yi ta min tambayoyi kan yadda take a gida. Bai fi rabin awa ba. Da ma'aikaciyar asibitin unguwa ta san wannan tun farko da ragon Dada biyu da muka sayar suna nan.

Daga nan kuma sai jinya. Na ajiye koyarwa shekara huɗu kenan don ba a barinta ita kaɗai ko na minti goma, ta taɓa kunna risho ta ɗora roba a kai. Famfas na manya, omo, leda a katifa, kwaɗo a ƙofar zaure, barci rabi da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon nan, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu suke, kuma a 2019 ya ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabin wannan kuɗin wahalar 'yan uwa ce masu jinya a gida aka kimanta. Kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar mata ne ke yi. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, nace ashe dai an san da mu. Shi ya sa maza da yawa a wajen taron suka tafa maka, ba su taɓa wanke zanin da aka yi fitsari a kai da asuba ba, ba gori nake ba, haka abin yake.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, abin da kake so a yi da abin da nake so a yi kusan hanya ɗaya ce. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar da rahoto a 2024 cewa abubuwa 14 ne in aka magance su za a iya kauce wa ko a jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. A ciki akwai hawan jini, suga, taba, kurumtar da ba a kula ba, matsalar ido irin yanar ido, buguwa a ka, rashin samun karatu tun yarinta, zaman kaɗaici. Duba dai, wanne ne a ciki ke buƙatar dala? Dada ta fi shekara goma da hawan jini, sai kanta ya yi ciwo take aika yaro kemis a sayo mata na kwana uku, mu kuma muna kallo don ba wanda ya taɓa ce mana yana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye, mu shanyewar ɓarin jiki kawai muka sani. Ɗan acaɓan da ke gudu ba hular kwano, da yarinyar da aka cire daga aji uku, duk suna cikin lissafin nan. In aka sa abin awon jini mai aiki da magani mai araha a kowane ƙaramin asibiti, mai cikin da kake magana a kanta ta amfana, don jijjigar haihuwa ma ai da hawan jini take zuwa, kakarta ma ta amfana.

Bincike kuma da ka yi wa dariya, kace Turawa su yi mu karanta. A 1992 likitocin Ibadan da na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatan can shekara da shekaru, suka gano ciwon ya fi ƙaranci sosai a Ibadan. Kaga kenan abin da aka auna a can ba lallai ya zama namu ba, na Ibadan ma ba lallai ya zama na Dukku ko Bajoga ba, cimarmu daban zamanmu daban. Ko gwajin da ake yi wa mara lafiya, wani a ce ya zana agogo, wani a ce ya yi ta cire bakwai daga ɗari, Dada da ba ta taɓa riƙe biro ba ko lafiyarta ƙalau ai faɗuwa za ta yi. Muna buƙatar gwaji da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera, wanda zai tambayi tsohuwa ranar kasuwa da sunan jikoki da yadda ake dama fura. Ga asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe, ga na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ga jami'o'i, akwai masu ilimin, a ba su abin aiki su shiga ƙauyuka su ƙirga mana.

Dokoki ma akwai su. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, akwai kuma cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Abin da na tashi zan faɗa ranar kafin ka katse ni bai wuce a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon ba, a sa maganin cikin inshorar lafiya ta jiha, a samu wuri ko ɗaki ɗaya ne da mai jinya za ta kai tsohuwarta na yini ɗaya a sati ta samu ta je kasuwa ko ta yi barci. Sai limamai su taimaka da huɗuba, tunda Alƙur'ani da kansa ya ambaci arzalul umur a Suratun Nahli, wanda ake mayarwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Da yaran Tashar Dukku sun taɓa jin haka daga bakin malaminsu ƙila da ba su ɗauki dutse ba.

Wani abu da ban gaya maka ba, tun bayan babbar sallah Hausa ta fara kuɓuce wa Dada, ta koma Fulatancin yarintarta, ni kuma ka san nawa na gaisuwa ne kawai. Da la'asar abin ke tsananta, ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa tana magana tana kuka ni ban san me take nema ba. Kai ka iya, ita ta goye ka kuma. Ka zo Bolari ranar Asabar bayan la'asar ka zauna da ita zuwa magariba. Don Allah kar ka tambaye ta ko ta gane ka, yana tayar mata da hankali, ka gaishe ta kawai ka bi duk inda hirar ta yi, in tace kai ne babanta ka amsa. Ka taho mata da kindirmo, shi kaɗai take sha yanzu ba a yi dambe ba.

Ƙanwarka.